Kantin kwamfuta ya ƙi karɓar tsabar kuɗin Baffana: suna da wannan hurumin?

Dan_Dawanau
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya same mu ranar Asabar, har yau yana cina a rai, shi ya sa na kawo shi nan. Baffana ya shigo Kano daga ƙauye da kuɗin riɗin da ya sayar, zai saya wa 'yarsa laftof saboda ta samu gurbin karatu a jami'a. Na raka shi wani babban kantin wayoyi da kwamfutoci, irin mai gilasai da sanyin nan, ba zan ambaci suna ba. Muka zaɓa, aka kunna mana, aka gwada, aka tsaya a kan naira 430,000. Baffa ya zura hannu a aljihun 'yar cikinsa ya zaro baƙar leda, ya kwance ta a kan kanta, ga kuɗi bandir-bandir ya ɗaure da roba, tun a gida ya ƙirga su sau biyu. Sai yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce, "Baba, ba ma karɓar tsaba, sai kati ko tiransifa." Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce, "'Yata, ai naira ce, ƙirga ki gani." Ta ce umarnin masu kanti ne, amma akwai mai POS a waje, mu ba shi ya turo.

Baffa ba shi da asusun banki, bai taɓa buɗewa ba. Mai POS ya ce cajinsa naira 4,000. Baffa ya naɗe ledarsa ya mayar aljihu, muka fito. Sai da muka shiga adaidaita sannan ya yi magana, ya ce, "Damina guda na yi ina wahala, yau an ce kuɗina ba kuɗi ba ne."

Tambayata: doka ta ba kanti damar ya ƙi karɓar naira a hannu? Kuma ku a ganinku daidai ne?

Ummu_Safiyya
Wa alaikumus salam. Wallahi maganar Baffa ta taɓa ni. Ko da dokarsu ce, ai ba a bari sai dattijo ya kwance kuɗinsa a gaban mutane sannan a faɗa masa. Tun a bakin ƙofa ya kamata a ce.

Sadauki_77
Laifi ne kai tsaye. Duk wanda ya ƙi karɓar naira ya taka doka, ku kai ƙara.

Dalibin_Lauya
Sadauki, abin da kake nufi yana cikin Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 20(5). Ya ce wanda ya ƙi karɓar naira a matsayin hanyar biya ya yi laifi, hukuncinsa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Amma a nan ne gardamar take. Masu kanti za su ce ai ba su ƙi naira ba, tiransifa ma naira ce, takardar kawai suka ƙi. Kuma inda aka fi jin Babban Banki yana ɗaga wannan sashe shi ne a kan masu sa farashi da dala, irin masu gidajen haya da makarantu. Ni a fahimtata wanda ya miƙa takardar naira sahihiya ya miƙa halastaccen kuɗi, amma ban ce maka shari'ar za ta zo da sauƙi ba.

Bakano_a_Amurka
Malam Dan_Dawanau, Allah ya huci zuciyar Baffa. Labarinka ya tuna mini da abin da ya faru a nan a 2010, kuma da kamfanin da ya fi kowa suna a harkar. Lokacin da Apple ya fitar da iPad na farko a watan Afrilu na shekarar, sai ya sa doka a kantunansa: mutum ɗaya ba zai sayi fiye da biyu ba, kuma sai da kati, ba a karɓar tsaba. Wata mata mai lalurar nakasa, wadda ke rayuwa da ɗan abin da take samu a wata, ta yi ta tari har ta haɗa dala 600. Ta je kantinsu na Palo Alto a jihar Kalifoniya da kuɗinta a jaka, aka ce mata ba a sayarwa da tsabar kuɗi. Ta koma gida hannu rabbana.

Wani gidan talabijin na yankin San Faransisko ya ɗauki labarin, kafin ka ce kwabo ya zagaye ƙasar. Jama'a suka yi ca a kan kamfanin. Cikin 'yan kwanaki, a watan Mayu, Ron Johnson, wanda shi ne shugaban sashen kantunan Apple a lokacin, ya fito ya ce an janye dokar, za a karɓi tsaba muddin mai saye zai buɗe asusun Apple a nan cikin kanti. Ma'aikata biyu suka kai wa matar iPad har gida kyauta.

Abin lura shi ne ba kotu ce ta tilasta musu ba. Kunya ce da surutun jama'a.

Injiniya_Bichi
Yaya Bakano, amma a faɗi dalilin Apple ma don a yi adalci. Ba ƙyamar talaka ce ta sa su ba. Tun a watan Oktoba na 2007 suka fara wannan tsarin da iPhone, biyu kacal kuma da kati. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta cewa cikin wayoyi kusan miliyan 1.4 da ya sayar zuwa lokacin, wajen 250,000 masu niyyar buɗe su ne suka saya, don a yi amfani da su a wasu layukan ko a fitar da su waje. A 2010 ma iPad bai isa sauran ƙasashe ba sai ƙarshen Mayu, 'yan kasuwa suna kwashewa suna sayarwa da tsada. Idan da kati ka biya, suna ganin sunanka, sun san ka riga ka sayi biyu. Mai tsaba kuwa zai iya zagaya kantuna goma a yini ɗaya.

Bakano_a_Amurka
Haka ne Injiniya, ban musa ba. Amma duba yadda suka warware shi: suka ce kawo kuɗinka, mu rubuta sunanka. Ashe tun farko akwai hanyar da za a kama ɗan kwasa ba tare da an kori mai gumin kansa ba. Ba su neme ta ba sai da aka yi musu ihu. Kuma ɗan kwasar da ake tsoro yana da katuna biyar da yara goma da zai tura layi. Wadda dokar ta kama ita ce matar da ba ta da kati ko ɗaya.

Sadauki_77
To su a Amurka ba a rubuce yake a jikin dala cewa halastaccen kuɗi ne ba? Ya aka yi kanti ya ƙi?

Bakano_a_Amurka
A rubuce yake cewa takardar halastacciya ce wajen biyan kowane bashi. Kalmar bashi ita ce mabuɗin. Idan ana binka, dala ta isa biya. Amma idan ba a riga an ƙulla ciniki ba, babu dokar tarayya da ta tilasta wa ɗan kasuwa ya karɓi tsaba. Jihohi da birane ne ke yin tasu. Masacuset tana da irin wannan dokar tun 1978. A 2019 Filadelfiya da San Faransisko da jihar Niyu Jazi suka hana kantuna ƙin tsaba, birnin Niyu Yok ya biyo baya a 2020. Har kantunan Amazon Go, waɗanda aka gina su don kada a ga kashiya ko ɗaya, sai da suka fara karɓar tsaba a 2019. Hujjar da aka kafa ita ce marasa asusu. Hukumar inshorar ajiyar banki ta nan ta ce a 2021 gidaje wajen miliyan 5.9 ne babu mai asusun banki a cikinsu. Idan haka take a Amurka, ku auna ƙauyukanmu.

MaiShago_Beirut
Ku yi haƙuri in shigo, ni ɗan kasuwar waya ne shekara goma sha ɗaya. Kuna magana kamar mai kanti mugu ne. Kun taɓa rufe shago da magariba da miliyan uku a jakar baya, kana tafe kana waiwaye? An taɓa tare yarona a hanyar banki, aka sare shi a hannu, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Ga jabun dubu-dubu da ake cusawa a tsakiyar bandir, ba ka ganewa sai a banki an ware maka su. Ga yaran shago, wani ya sayar da caja ko iyafis ya zuba a aljihu. Wanda yake da rassa huɗu ko biyar ba zai iya zama a kowanne ba, idan komai ta asusu ya shiga yana ganin cinikinsa daga wayarsa. Ni ina karɓar tsaba, amma na fahimci wanda ya daina.

Ummu_Safiyya
Allah ya ba yaronka lafiya Alhaji, ya tsare gaba. Amma ka ga kai duk da haka kana karɓa. Me ya hana ka dainawa?

MaiShago_Beirut
Amin Hajiya. Rabin masu sayena daga ƙauye suke zuwa, in na daina na kori kaina daga kasuwa. Sannan tiransifar ma ba tsira ba ce. An taɓa nuna mini alat na bogi a kan waya ta naira 180,000, saƙo ya shigo kamar gaske, ranar ana cunkoso ban buɗe manhaja na duba ba. Har yau ban sake ganin mutumin ba. Yanzu ko ɗan'uwana ne sai na ga kuɗi sun zauna a asusu kafin kaya su fita.

Malam_Na_Tudu
Ta fuskar addini, ciniki sai da yardar juna, haka ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 29. Mai kaya yana da damar gindaya sharaɗi a kan kayansa. Sai dai sharaɗi ana faɗinsa ne kafin a ƙulla, ba bayan an yi ciniki an sallama ba. A yadda Dan_Dawanau ya bayar, an gwada, an tsayar da farashi, sannan aka fito da sharaɗin. Nan ne kuskurensu. Kuma a tuna akwai bayin Allah da suka guji banki saboda tsoron riba, ba don jahilci ba. Ko da yake yanzu akwai bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019.

Zee_Kaduna
Ni dai gaskiya ban ga abin tashin hankali ba. Tun 2012 aka fara tsarin rage amfani da tsaba a Legas, 2014 ya game ƙasa. Shekara nawa ke nan? Yau mai shayi da mai rake suna da OPay ko Moniepoint. Buɗe asusu minti goma ne a waya. Kai Dan_Dawanau da ka buɗe wa Baffa tun tuni, da ba a yi haka ba. Yawo da dubu ɗari huɗu a aljihu daga ƙauye zuwa Kano ma ai haɗari ne.

Dan_Dawanau
Anti Zee, minti goma ne ga mai babbar waya da NIN da BVN da sabis. Garinsu Baffa sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sabis na kira. Wayarsa ƙarama ce mai tocila. Wanda ya sayi riɗinsa a kasuwa tsaba ya ba shi, shi ma mai taki da masu ƙwadago tsaba suke karɓa a wurinsa. Duk rayuwarsa a kan tsaba take tafiya lafiya lau, sai a wannan kantin ne kawai ta tsaya. Kuma ya ga maƙwabcinsa da aka kira a waya aka ce daga banki ne, ya karanto lambobi, aka share masa kuɗin shanu biyu. Ki ce masa ya kai kuɗinsa can?

Zee_Kaduna
Na ji, kuma ban raina shi ba wallahi. Amma gobe 'yar tasa kuɗin makaranta ma ta intanet za ta biya. Ko ba jima ko ba daɗe sai an shiga.

Hajiyar_Adashe
Ku da kuke yabon tiransifa kun manta farkon 2023 ne? Da aka sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffi sun daina aiki 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ni na kwana biyu ina bin layin ATM da goyo, daga ƙarshe na sayi naira 10,000 a kan 12,500 a wurin mai POS. A lokacin kuɗina suna cikin asusu ina kallonsu a waya, mai kayan miya ya ce shi sai tsaba. Na tura wa mai shinkafa kuɗi, aka cire a wurina, shi bai gani ba, sai bayan kwana tara suka dawo. Da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara ba su je Kotun Ƙoli ba, aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, Allah kaɗai ya san inda za mu kai. Tun daga ranar na yi alkawari ba zan sake zama babu tsaba a gida ba. Adashenmu ma da muka mayar tiransifa, mun dawo da shi hannu da hannu.

Injiniya_Bichi
Hajiya ta tuna mini da 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Manhajojin bankuna da yawa suka tsaya. Kantin da ba ya karɓar tsaba a irin wannan ranar sai dai ya zauna yana kallon masu saye suna fita. Ni ina goyon bayan biyan kuɗi ta waya, aikina ke nan, amma duk tsarin da ke da ƙofa ɗaya tak ba tsari ba ne mai kyau.

MaiPOS_Kabuga
Tunda an ambace mu bari in ce wani abu. Cajin 4,000 a kan 430,000 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma mu ma ana cire mana, ga naira 50 ta gwamnati a kan duk tiransifar da ta kai 10,000, ga haɗarin riƙe kuɗin. Ba mu muka zalunci Baffa ba. Abin da nake gani shi ne kantin ya ture wahalarsa ne zuwa kanmu. Jabun da yake tsoro, ni zan karɓa. Ɓarawon da yake tsoro, ni zai tare, ni da nake zaune a ƙarƙashin lema ba mai gadi ba kyamara. Sannan mai saye ya biya kuɗin. In da gaske suke, su ajiye nasu mai karɓa a ciki, cajin ya zama a kansu.

Dalibin_Lauya
Wannan magana ta MaiPOS ita ce mafi ƙarfi da na karanta a nan. Ƙari ɗaya: akwai inda doka da kanta ta hana tsaba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce mutum ba zai biya ko ya karɓi tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba sai ta hanyar banki, kamfani kuma miliyan 10. Da kwamfutoci ashirin Baffa zai saya, da kantin yana da madogara. A kan 430,000 babu wannan.

Dan_Maradi
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar wanga al'amari bai iso ba tukuna. Muna aika kuɗɗi ta kamfanonin Nita ko Amana, amma in ka shiga shago da jikkunanka na sefa babu mai ce maka a'a. Abin da ya dame ni shi ne mu da muke zuwa Kano sarin wayoyi. Muna canza sefa zuwa naira a Wapa, mu shiga kasuwa da kuɗɗi a hannu. Ba ni da BVN, ba ni da asusun Najeriya. In manyan kantuna suka bi wagga hanya, baƙo sai ya nemi wanda zai biya masa da asusunsa, rasit ya fito da sunan wani. Ranar da kaya suka lalace ko aka tsare ka a hanya, da me za ka nuna naka ne?

Injiniya_Bichi
Malam Dan_Maradi, rasit ana iya rubuta shi da sunanka ko wa ya biya, ka dai nace a sa lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a jiki. Amma ka taɓo abin da Apple ya gane a ƙarshe: sanin wanda ya saya daban, hanyar biya daban. Ana iya rubuta suna da lambar na'ura ko da tsaba aka biya.

Sadauki_77
Ni har yanzu ina kan bakana. A faɗi sunan kantin mu ƙaurace masa. Ba haka aka yi wa Apple ba?

Dan_Dawanau
A'a ɗan'uwa, ba zan faɗa ba. Yarinyar nan umarni aka ba ta, kuma ta yi magana da ladabi, har ta biyo mu bakin ƙofa tana ba Baffa haƙuri. In aka yi musu ca, ita za a fara kora. Na dai rubuta wa manajan takarda na kai da hannuna jiya, na ce ko dai su liƙa sanarwa a ƙofa da Hausa da Turanci, ko su ɗauke wa mai tsaba cajin POS. Ya karɓa ya ce zai kai sama.

Ummu_Safiyya
Ka kyauta. To laftof ɗin fa? Kar yarinya ta tafi makaranta babu.

Dan_Dawanau
Mun saya a kasuwar wayoyi ta Farm Centre ranar, wurin wani da abokina ya sani. Irin ta ce sak, 425,000. Ya sa yaronsa ya kawo wa Baffa kujera da ruwa, suka ƙirga kuɗin tare, ya ware guda biyu da suka yage ya ce a canza masa, Baffa ya canza. Sai dai garantin wata uku ya ba mu, can kantin kuwa shekara guda ne. Wannan ne ke damuna, don in ta samu matsala bayan wata huɗu asarar a kan Baffa take.

Zee_Kaduna
Ka ga abin da nake faɗa. Naira 4,000 ta raba shi da garantin wata tara.

Hajiyar_Adashe
Ba 4,000 ba ce ta raba shi, Zee. Mutumin da ya ba 'yarsa dubu ɗari huɗu ba zai gaza dubu huɗu ba. Cewa aka yi ya fita waje ya sayi izinin kashe kuɗinsa.

MaiShago_Beirut
Dan_Dawanau, ka duba ƙasan laftof ɗin akwai lambar siriyal, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ka sa lambar. In sabuwa ce a kwali, sau da yawa garantin kamfani na shekara guda yana nan ko a ina ka saya, wata ukun na mai shago ne kawai. In kuma shafin ya nuna garantin ya riga ya ƙare ko ya kusa, to ba sabuwa aka ba ku ba, ka koma masa tun wata ukun bai cika ba. Ka ajiye rasit da kwalin.

Dan_Dawanau
Na gode Alhaji, ban san da wannan ba. Laftof ɗin tana wurin yarinyar a ƙauye, zan kira da yamma in sun hau tudu ta karanto mini lambar.